Shagon da ya ba ni hayar kayan gasar ƙanƙara a Tartu

Tun da hunturun bana ya sauka a Argungu, duk safiyar da na je teburin mai shayi sai na tarar da mutane sun ƙudundune cikin mayafi suna kukan sanyi, kuma ba a rasa wanda zai juyo ya ce, "Malam, ba mu labarin ƙanƙarar nan taka." Na bayar har ba na iya ƙirgawa. Amma makon jiya maƙwabcinmu, wanda muke ce wa Baba tun muna yara, ya aika aka kira ni zaurensa. Ɗansa ya samu gurbin karatu a Istoniya, ƙasar da na yi shekara biyu ina digiri na biyu kan aikin gona, yana so in faɗa wa yaron abin da zai tarar. Cikin hira yaron ya ga hotona a waya da lamba a ƙirji da sanduna biyu a hannu, ya ce, "Yaya, ina ka samu kayan nan, kuma nawa?" Amsar ta fi ƙarfin zama ɗaya, shi ya sa na zauna na rubuta ta, domin shi da duk wani ɗan Kabi ko Zamfara da karatu zai kai ƙasar sanyi. Ba zan kama sunan shagon ba, tun da akwai inda zan yi ƙorafi.

Gasar da na shiga wasa uku ce a jere babu hutu: gudu da ƙafa, sai tseren keke, sai zamiya da dogayen alluna biyu da ake maƙalawa a ƙafa, duka a kan dusar ƙanƙara. Turawa na ce mata tirayatilon na hunturu. Wadda aka fi sani ta lokacin zafi ce, da iyo ake fara ta, amma inda ruwa ya daskare sai aka cire iyon aka sa zamiya a ƙarshe. An fara gasar duniya ta wannan wasa a 1997 a garin Mals na Italiya, kuma an taɓa yin ta nahiyar Turai a Otepa, wani ƙaramin gari mai tuddai da ke wajen kilomita 40 kudu da Tartu, birnin da na yi karatu. Tawa ba ta kai can ba. Ƙaramar gasa ce ta mutanen yanki, kuma rukunin sababbin shiga na yi rajista: gudu kilomita 3, keke kilomita 5, zamiya kilomita 3.

Abin da ya kai ni shi ne hunturuna na farko. A watan Disamba rana ba ta fitowa a Tartu sai wajen ƙarfe 9 na safe, kafin 3 da rabi na yamma ta faɗi. Azahar da la'asar da magariba duk suna zuwa a kan juna cikin 'yan sa'o'i. Na yi wata uku daga ɗaki sai aji, daga aji sai ɗaki, barci ya lalace, abinci ya fita raina, har Inna ta gane a muryata ta waya. Da hunturu na biyu ya ƙarato na ƙudura ba zan sake zama a kulle ba. Wani ɗan ajinmu ɗan ƙasar ya nuna min sanarwar gasar, ya rubuta min kwatancen shagon a takarda. Gudu na iya, don na buga ƙwallo. Keke kuwa a kansa na tashi, da Phoenix ɗin Kawu nake kai kayan lambu daga fadama zuwa kasuwa tun ƙafata ba ta kai feda daga sirdi. Allon zamiya ne ban taɓa ko taɓawa ba, ga shi saura mako shida.

Shagon ɗaki biyu ne kusa da filin da mutanen gari ke zamiya. Da zafi kekuna suke gyarawa, da sanyi su koma kayan ƙanƙara. Dattijo ne mai shi, da 'yarsa mai riƙe da lissafi, da wani saurayi yaron shago. A bango akwai hoton Kristina Šmigun, 'yar Tartu da ta ci zinare biyu a gasar Olamfik ta hunturu a Turin a 2006, da lambobin ƙirji da dattijon ya tara daga tseren zamiya na Tartu, mai kilomita 63, wanda aka fara tun 1960. Yuro 140 na biya, da jinginar yuro 50 da za a mayar min in na dawo da kaya lafiya. Cikin kuɗin akwai alluna da takalma da sanduna na tsawon mako shida, darasi huɗu, keke na kwana biyu don gwaji da kuma ranar gasa, da hular kwano. Ga ɗalibi ba ƙaramin kuɗi ba ne, sai da na rage cefanen wata biyu. Amma da sayen kayan zan yi, keken kaɗai ya ninka wannan sau da yawa.

Wurin zaɓen kaya ne na fara sanin cewa hannun masani na faɗa. Dattijon bai tambaye ni wanne nake so ba, sikeli ya ɗora ni, domin da nauyin mutum ake zaɓen allo. Tsakiyar allon a ɗan gantsare yake. Ya sa na tsaya a kan biyun, ya zura 'yar takarda ƙarƙashin ƙafata tana wucewa, sannan ya ce in mayar da nauyina duka kan ƙafa ɗaya, sai takardar ta maƙale. Ya ce haka ake so: in kana sulalewa tsakiyar ba ta taɓa ƙasa, in ka taka don tunkuɗa kanka gaba sai ta kama. Allo uku ya gwada kafin ya yarda da ɗaya. Da ya juya min cikinsa na ga an sassaƙa tsakiyar kamar ɓawon kifi, sai na yi dariya, na ce masa garinmu garin su ne, na nuna masa hoton masunta da homa da gora a Matan Fada ranar bikin kamun kifi. Ya daɗe yana kallon giwan ruwan da aka ɗaga a hoton. Ɓawon nan shi ke hana allo zamewa baya, kuma yana raba sabon shiga da wahalar shafa kakin riƙo, wanda kowane irin sanyi da nasa.

Na so in koyi salon da manyan 'yan gasa ke yi, wanda ake ture ƙafa gefe da gefe, don na ga ya fi sauri. Ya ce a'a. Ya ce mako shida ba zai ishe ni ba, in tsaya kan salon gargajiya, inda alluna ke bin layi biyu da mota ta yanka a dusa, kamar mai tafiya yana jan ƙafa. Hayar kayan wancan salon ta fi tsada a shagonsa, da ya bi son kuɗi da ya bar ni na ɗauka. Wannan na riƙe masa shi har yau.

Sai ya kama bakin singiletina ya murza, ya girgiza kai. Auduga ce. Mu nan auduga ce sarauniyar tufafi domin tana shan gumi, to wannan halin nata shi ne illarta a can: ta sha gumin ta riƙe, iska ta buga, ka wayi gari kana sanye da jiƙaƙƙen tsumma mai sanyin ƙanƙara. Ya ce ta jikin fata ta zama ulu ko irin yadin 'yan wasa, a ɗora mai ɗumi, a rufe da mai tare iska. Ya ce wanda ya ji ɗumi a layin farawa ya sa kaya da yawa. Bai ce in saya a wurinsa ba, kwatancen shagon gwanjo ya yi min, inda na haɗa komai da kuɗi kaɗan. Safar hannu kawai na saya a wurinsa, mai haɗe yatsu huɗu wuri ɗaya, don yatsu na ɗumama juna.

Darasin farko ko sanda bai ba ni ba. Faɗuwa ya koya min: in na ji zan tafi, in zube ta gefe a kan ɗuwawu, kada in tare da hannu, don a nan wuyan hannu ke karyewa. Sannan tashi: a jera alluna gefe da gefe a gicciyen gangara, a durƙusa, a miƙe. Na yi wannan ya fi sau ashirin, yara ƙanana na wuce ni kamar iska, shi kuma yana tsaye hannu a baya bai nuna gajiya ba ko sau ɗaya. Mutanen ƙasar ba su da yawan magana, shi ma haka yake. In na yi daidai ya gyaɗa kai, in na yi kuskure ya maimaita motsin a gabana a hankali. Darasi na biyu hawan tudu ne, a buɗe kawunan alluna a taka ɗaya bayan ɗaya, sawun da kake bari a baya sak ƙayar kifi. Na uku gangara, a haɗe kawunan a buɗe bayansu don rage gudu. Na huɗu ya bi ni muka zagaya kilomita 3 ba tsayawa. Tsakanin darussan ni kaɗai nake zuwa da yamma, fitilu na haska hanya cikin itatuwa. A makon nan na uku ne barcina ya dawo daidai. Ranar da magariba ta riske ni a shagon, 'yarsa ta buɗe min ɗakin baya ta kawar da wasu kwalaye na yi salla, kuma daga ranar ba ta sake jira na roƙa ba.

Keken da suka ba ni don gwaji mai ƙatuwar taya ne, faɗinta wajen inci 4, da iska kaɗan a ciki yadda za ka iya lotsa ta da hannu. Nan ba wanda ya koya min komai. Duk wanda ya taɓa tuƙa keke a rairayin hanyar fadama ya san dokar: a koma baya a sirdi, a sassauta riƙon kai, a sa giya mai sauƙi, a yi ta murzawa ba tsayawa, kada a cafki birkin gaba. Dusa mai laushi da rairayi 'yan uwan juna ne. Kwana biyun nan na ji daɗinsu ƙwarai, har na fara sa rai cewa a keke zan rama abin da zan rasa a zamiya.

Ranar gasa, cikin Fabrairu, sanyi ya kai digiri 9 ƙasa da sifiri, kuma dusa ta kwana tana zuba. Yaron shagon ne ya kawo kaya a mota, dattijon yana can wurin wasu 'yan gasa. Da ya sauke keken sai na ga ba nawa ba ne. Keken hawan dutse ne mai siririyar taya da ƙusoshi a jiki. Ya ce mai ƙatuwar tayar an ba wani, amma wannan ma yana da kyau, har ya fi sauƙin nauyi. Saura minti ashirin a fara, ban da zaɓi. Taya mai ƙusa don ƙanƙara mai tauri da santsi aka yi ta, ba don sabuwar dusa mai zurfi ba, kuma ya buga mata iska ta yi tauri kamar za a hau kwalta. Wannan laifin shagon ne, ba na ranar ba. Na biya kuɗi, na yi gwaji da abu ɗaya, aka kawo min wani ba tare da ko saƙon waya ba. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.

Gudun ya tafi lafiya. Dusa na cin ƙarfin ƙafa kamar gudu a gonar da aka yi wa huɗa, iskar kuma na yanka maƙogwaro, amma na shigo wurin canji a tsakiyar jama'a. Na ɗaura hular kwano, wadda dole ce, na hau. Ban yi mita 200 ba tayar gaba ta nutse ta karkace, na zube. Na tashi na sake hawa, ta baya ta dinga juyawa a wuri ɗaya. Dokar wasan ta yarda mutum ya tura kekensa, na tura, ina gani waɗanda na wuce a gudu suna wuce ni ɗaya bayan ɗaya. A bakin wani tudu na tuna Kawu, yadda yake tsayawa a mashigar rairayi ya sace wa taya iska kafin ya shiga. Na cire safar hannu na durƙusa na sassauta bakin iska, gaba da baya, har tayar ta fara lotsawa. Sai keken ya kama ƙasa. Bai kai wancan ba, amma ya tafi. Minti ɗayan da na yi hannu a waje kuwa na biya shi da tsada, domin a keke ne sanyi ya fi cin mutum: ka jiƙe da gumin gudu, ga iska na dukanka, ga yatsu a ƙage a kan birki ba sa motsi.

Nan ne gazawarsu ta biyu ta fito, kuma ta fi ta farko muhimmanci a wurina. Darasi huɗu aka yi min, ba a taɓa gwada min canji daga keke zuwa alluna ba. Kullum a cikin shago mai ɗumi nake ɗaura takalma ina zaune a benci. Yau ga ni a tsaye cikin dusa, yatsu sun mutu ba na jin igiyar takalmi, numfashi na sama sama. Da na samu na ɗaura, takalmin ya ƙi shiga maƙalin allo. Na taka, na sake takawa, shiru. Wata tsohuwa cikin masu kula da gasa ta nuna min ƙasan takalmin da yatsa, ashe dusa ce ta cushe wurin ɗan ƙarfen da ke bakin takalmin ta daskare. Na ƙwaƙule da tsinin sanda, ya shiga nan take. Abin da za a koya wa mutum cikin minti biyu ya ci min kusan takwas. Shagon da ya rubuta cewa yana shirya sababbin shiga don wannan gasa, ba don zamiya kaɗai ba, bai kamata ya manta da wannan ba.

Zamiyar kuwa, wadda na fi tsoro, ita ta fi yi min sauƙi. Duk abin da dattijon ya dasa min ya fito da kansa. Allunan sun kama a hawa, sun sulale a gangara. Na faɗi sau biyu, duka ta gefe, na tashi yadda aka koya min. A rabin hanya jini ya dawo yatsuna da wani irin zugi har hawaye suka zubo. Daji ya yi tsit, ba ka jin komai sai sautin alluna da numfashinka, rassan itatuwa sun sunkuya da farin kaya. Na yi ta tasbihi a zuci ina tafiya. Na ƙetare layi cikin sa'a 1 da minti 19, mutum biyu ne kawai a bayana, kuma mutanen da ba su san ni ba suna ta tafi suna kiran lambata.

'Yar mai shagon ce ta tare ni da bargo. Ana raba miyar wake mai zafi, ta riga ni zuwa ta tambayi masu dafawa, ta dawo ta ce da naman alade a ciki, ta kawo min shayi da baƙin burodinsu. Ta duba yatsuna, biyu sun yi fari a kai, ta hana ni murza su ko kai su jikin abin ɗumama ɗaki, ta ce in cusa su a hammata su dawo a hankali. Wayata ta mutu tun a wurin canji, don sanyi na zuƙe batir, da tata na kira gida. Inna ta kalli fuskata da ƙanƙara a gemu ta ce, "Kai ɗan nan, mi yak kai ka cikin wanga abu?" Na ce lafiya ce ta kai ni, Inna. Ta yi shiru tana kallona, sannan ta ce ta ga na yi ƙiba, Allah shi yi albarka.

Da na mayar da kaya ranar Litinin na faɗa wa dattijon komai, ban rage ba. Bai kare kansa ba, bai kuma ɗora wa yaron laifi a gabana ba. Ya ce an yi rajistar keke ɗaya wa mutum biyu, kuskurensu ne. Ya mayar min da jinginata da ƙarin yuro 30, kason keken. Kan maganar canji ya yi jim, ya ɗauko littafinsa ya rubuta wani abu, ya ce shekara da shekaru yana koyarwa amma yawancin ɗalibansa sun tashi da alluna a ƙafa, bai taɓa kawowa a ransa cewa cire dusa daga takalmi abin koyarwa ba ne. Wani ƙaramin ƙorafin da na ƙara masa shi ne takardar yarjejeniyarsu da harshen ƙasar kaɗai aka rubuta ta, sai da ɗan ajinmu ya fassara min kafin na sa hannu.

Ga wanda zai je, ina ba da shawarar shagon, kuma da zan koma can zan nufa. Koyarwar dattijon kaɗai ta ci kuɗin. Amma a yi abu uku kafin a biya: a sa su rubuta lambar keken da aka gwada a jikin rasit, a nemi darasi ɗaya a zama na canji a waje cikin sanyi da safar hannu, kuma a karɓi keken tun jajibiri a kwana da shi, a duba iskar taya da safe bayan an ga irin dusar da ta kwana. Wanda karatunsa ya kai shi wani gari ko wata ƙasa, ya nemi shagon da za a ɗora shi a sikeli kafin a miƙa masa allo.

Ɗan Baba zai tashi a watan Agusta, in Allah ya kai mu. Jiya na buɗe akwatina na ciro safar hannun da rigar ulu biyu da kwatancen shagon, wanda har yanzu yana kan takardar da ɗan ajinmu ya rubuta min, na kai masa. Ya sa safar ya juya hannu yana dubawa, ya ce ta yi masa ɗan yawa. Na ce ya bar ta haka, zai sa wata siririya a ciki.